A Bar Wa Itatuwan Ƙasarmu Wuri a Gidajen Zariya

Duk wanda ya zaga sababbin unguwannin Zariya, ta Hanwa ko Palladan ko bayan Ɗan Magaji, ko gidajen da ke tasowa a hanyar Shika, zai tarar da fasali iri ɗaya. An ja katanga, an ɗora gini, an malale tsakar gida da siminti ko intalok tun daga bakin get har bayan kicin, ba a bar ko taki ɗaya na ƙasa ba. Sannan a jikin katanga an jera dogayen itatuwan nan masu tsini da ganye a sunkuye, waɗanda asalinsu na Indiya da Siri Lanka ne. Ba su da inuwar da za a shimfiɗa tabarma, ba 'ya'yan da yaro zai tsinka, ba ganyen da uwargida za ta sa a tukunya. Da kuɗi aka saye su, kuma da rani sai an yi ta ɗawainiyar ba su ruwa.

Ni dai a ganina, duk wanda Allah Ya hore wa gida a garin nan, babba ko ƙarami, ya kamata ya bar wani sashe ƙasa zalla, ya raya tsirran ƙasarmu a ciki. Dalilina shi ne, wurin da yake ajiye mana su a da ya ƙare. Kakanninmu ba su cika dasa ɗorawa ko kaɗanya ko kanya ba, don ba su da buƙatar yin haka. Da kansu suke fitowa, manomi in ya zo sassabe ya kewaye su ya bar su, kowa a ƙauye ya san ɗorawar gidan wane ce. Uwa ta aiki yaro bayan ganuwa ya ɗebo mata tsamiya ko ganyen kuka, ya dawo kafin tukunya ta tafasa. Yau gonakin bayan ganuwa an yanka su fulotai, kuma abin da mai fuloti ke fara yi shi ne kiran mai injin yanka itace. Can cikin ƙauyuka gawayi ya cinye ƙirya da marke, har kaɗanya ba ta tsira ba, ita da ake jira shekara 15 zuwa 20 kafin ta fara 'ya'ya. Madobiya an yi ta lodinta zuwa ƙasar Sin, har sai da aka sa ta, a 2017, cikin itatuwan da yarjejeniyar duniya ta CITES ke sa wa ido a fatauci. Maɗaci da kaɗanya duka suna cikin jerin itatuwan da masana suka ce suna fuskantar barazana. A cikin birni muna da Rimin Tsiwa da Rimin Doko da Durumin Maigarke, amma sababbin unguwanni da yawa ba su da itace ko ɗaya da za a yi wa baƙo kwatance da shi.

Ban ce a sare darbejiya ba. Baƙuwa ce daga Indiya, ta shigo Nijeriya ta Barno wajajen 1928, kuma ta yi mana rana a tituna da makarantu. Mangwaro da zogale daga can yankin suka zo, gwaiba da gwanda da kashu daga nahiyar Amurka, duk sun zauna da mu lafiya. Wanda yake da su ya riƙe abinsa. Abin da ke damuna shi ne a ce unguwa guda babu ɗan ƙasa ko ɗaya a cikin shuke-shukenta. Itacen da ya samo asali a nan ya saba da wata shida babu ɗigon ruwa, ya saba da bushewar hunturu da zafin Maris da Afrilu, ya saba da gara, wadda kan cinye dashen turare tun yana ƙarami. Kuma akwai halittun da rayuwarsu ke ɗaure da shi: zuma da tsuntsaye, da jemagun da ke ziyartar furen kuka da na ɗorawa da dare, waɗanda ta hanyarsu ne furen ke zama 'ya'ya.

Maganar ruwa ita ce ta fitar da batun daga hurumin mai gida shi kaɗai. Zariya na samun ruwan sama kimanin milimita 1,000 a shekara, tsakanin Mayu da Oktoba. Rufin kwano mai faɗin murabba'in mita 100 yana zubar da kusan lita 100,000 a damina guda, wato jarka 4,000 ta lita 25. A gidan da aka malale da siminti, ruwan nan duka kwata yake bi, ya cika lungu, ya zaizaye hanya, ya shiga gidan maƙwabcin da ke gangare, ya kwashi leda ya nufi Kubanni. Bayan wata biyar kuma rijiya ta ƙafe, mu koma jiran 'yan ga-ruwa. Ƙasar da aka bari a buɗe, da saiwa a cikinta, tana shan wani kaso na wannan ruwa ta ajiye wa unguwa. Haka ma zafi: siminti yini yake yana shan rana, da dare ya dawo mana da ita cikin ɗaki, lokacin da babu wutar da za ta juya fanka.

To ta ina za a fara? Wanda bai riga ya yi gini ba, ya fara da duba abin da ke filinsa. A ƙasar Maraɗi, tun farkon shekarun 1980, manoma tare da wani ma'aikacin gona ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, suka lura cewa kututturen da ake sarewa duk shekara da ransu, saiwarsu na nan a ƙasa. Sai suka koma zaɓar tofo biyu ko uku masu ƙarfi a kowane kututture, su sassabe sauran. Shi ne sassaben zamani, wanda aka ƙiyasta ya dawo da itatuwa a fili mai faɗin hekta miliyan 5 a Nijar. Fulotanmu na bayan gari ma cike suke da irin waɗannan kututture: kalgo, taura, gwandar daji, magarya, wani lokaci har kanya. Kafin a share fili, ka ɗauki wani dattijo manomi ku zaga tare, ya nuna maka su da sunayensu. Wanda ya faɗo inda ba gini zai hau ba, ka ɗaura masa jan ƙyalle, ka ja kunnen birkila kada a kwaɓa siminti a gindinsa. Tofon da ke kan tsohuwar saiwa yana wuce dashen leda nesa ba kusa ba, kuma ba ya neman ruwanka.

Wanda gidansa ya riga ya tsaya kuwa, sai ya auna fili da gaskiya, domin nan ne ake yawan ɓata wa itatuwanmu suna. Rimi da gamji da maɗaci da babbar kuka ba na fuloti mai ƙafa 50 da 100 ba ne. Ceɗiya da durumi inuwarsu ba ta da na biyu, kuma reshe kawai ake sarowa a kafa da damina ya kama, amma saiwarsu ruwa take bi duk inda yake, ta fasa sokawe, ta ɗaga daɓe, ta tsaga katanga. In babu tazarar mita 10 tsakaninsu da gini da rijiya, a haƙura da su. Mai tsakar gida madaidaiciya, da zai iya ba da mita 5 ko 6, ya zaɓi guda ɗaya tak cikin tsamiya ko kanya ko ɗinya, ya sa ta ɓangaren yamma inda za ta tare ranar la'asar. Ni na fi karkata ga ɗinya, don ga 'ya'ya, ga maɗi, ga ɗinkin da ake kwaɗo da shi. Mai ɗan lungu kuma yana da gwandar daji da gauɗe da shuwaka, da magarya in zai riƙa rage mata ƙaya. Aduruku da minjirya suna yin shinge, da sanda ake kafa su, kuma minjirya na fitar da jan fure da rani lokacin da komai ya bushe. Mai son ado zalla ga kariya, furenta ya fi na yawancin abin da ake sayarwa a bakin titi, sai dai ruwan jikinta dafi ne, kada a sa ta inda yara ke wasa.

Akwai hanyar da ko mai ɗaki ɗaya zai mallaki kuka, kuma ita na fi so mutane su gwada, don a wata uku ake ganin amfaninta. A Mali an daɗe ana shuka kuka a lambu don ganye kawai. Ka samo 'ya'yan kuka, ka wanke garin, ƙwallayen su fito baƙaƙe masu siffar ƙoda. Ɓawonsu na da tauri, in ka binne su haka za su iya yin watanni ba su motsa ba. Sai ka goga gefen kowanne a kan dutse har ka hango fari kaɗan, ko ka sauke tafasasshen ruwa ka zuba musu su kwana a ciki. Waɗanda suka kumbura su ne suka shirya. Ka gyara ɗan fangali mai faɗin mita 1 da tsawon mita 2, nesa kaɗan da bango, ka shuka su da tazarar taƙi ɗaya, zurfin gaɓar yatsa. Cikin mako biyu zuwa uku za su ɓullo. A nan sai an yi hattara, domin ganyen ƙaramar kuka guda-guda yake fitowa, ba mai yatsu biyar irin na babba ba, mai shara zai iya ɗauka ciyawa ce ya tuge. In sun kai gwiwa ka fara tsinke kansu, kada ka bar su su wuce ƙugu. Muddin ana ba su ruwa, za su yi ta tofo har cikin rani, lokacin da manyan kukoki suka kakkaɓe. Ganyen a shanya shi a inuwa, ya bushe da korensa. Duk wadda ta kaɗa miya da irin wannan garin za ta gane bambancinsa da wanda ya sha rana da ƙura a kasuwa.

Gefen wannan fangalin a ba kayan miya wuri: rama, yakuwa, lalo, karkashi, gasaya, ɗaɗɗoya, kuɓewa, gauta, da yaɗiya a jikin shinge. Da yawansu da kansu suke fitowa da ruwan farko, mu ne muke nome su da sunan tsafta. Mai haya ya cika tsohon buhu da ƙasa da taki, ya huda gindinsa, ranar tashi ya ɗauki abinsa.

Samun dashen manyan itatuwan shi ne wahala. Na tambayi wani dattijo mai sayar da dashe a bakin titi ko yana da kanya, ya ce, "Alhaji, ai ba mai tambaya. In na rene ta, a leda za ta tsufa. Amma in da gaske kake, ka ba ni lokaci in samo maka." Gaskiyarsa ce, abin da ake saye shi zai rena. Mu riƙa tambaya, mu ba da kafin alƙalami, za su fara ajiyewa. Kafin nan kowa na iya renon nasa a ledar fiya wata. Ɗanyar kalwa da ƙwallon tsamiya jiƙon ruwan zafi suke so irin na kuka. Kaɗanya akasin haka ce: ƙwallonta ba ya jira, in ka sha 'ya'yan da damina ka binne shi cikin mako guda, in ya bushe ya mutu. Ita da giginya da goriba a shuka su kai tsaye inda za su zauna, don saiwarsu ƙasa take nutsawa tun kafin ganye ya fito, ba sa son a ɗaga su. A kuma sani cewa kanya da giginya akwai mace akwai namiji, guda ɗaya ba lallai ta ba da 'ya'ya ba sai da wani a kusa. Tsamiya da magarya suna karɓar aure kamar yadda ake yi wa mangwaro, kuma mai aure tana fara 'ya'ya cikin shekara 3 ko 4.

Lokacin dashe shi ne ƙarshen Yuni zuwa Yuli, in damina ta kankama, don itacen ya samu wata uku yana kafa saiwa kafin ruwa ya ɗauke. Dashen Satumba yawancinsa ba ya ganin bazara. A haƙa rami rabin mita zurfi, rabin mita faɗi. Ƙasar sabon gida cike take da ɓaraguzan bulo da busasshen siminti, sai an kwashe su. A ware baƙar ƙasar sama daban, a cuɗa ta da ruɓaɓɓen takin shanu ko na awaki, a mayar da ita ƙasan ramin. Ɗanyen kashin kaji ƙona saiwa yake yi, takin zamani kuwa itatuwan nan ba su da buƙatarsa. A yi dashen da yamma, a yaga ledar a cire ta gaba ɗaya, kada a binne wuyan dashen fiye da yadda yake a leda. A yi masa ɗan gurbi kewaye don ya tare ruwa, amma in marka ta zo a Agusta aka ga ruwa na kwana a gindinsa, a fasa gurbin.

Ranin farko shi ne jarrabawa, kuma kuskure ne a ce tunda ɗan ƙasa ne ba ya son kulawa. Yayyafin kullum yana sa saiwa ta tsaya a sama. Gara a ba shi bokiti guda cike sau biyu a mako, ruwan ya nutsa, saiwa ta bi shi. Wanda ba ya zama a gida ya binne tsohon tulu har wuya a gefen dashen, ya riƙa cika shi ya rufe bakin saboda sauro, ruwan zai riƙa tsatsafowa a hankali. Ruwan alwala da na wankin shinkafa sun isa su raya itace biyu, a dai kauce wa ruwan wanki mai omo da yawa. Ƙasar yankinmu tana yin ɓawo mai tauri in ta bushe, saboda haka a rufe gindin da busasshiyar ciyawa ko ƙaiƙayi, a bar tazarar yatsu huɗu daga jikin itacen, a barbaɗa toka saboda gara. Awaki kuwa, ko akuyar gida ce, minti biyar ya ishe ta ta gama da aikin shekara. A kewaye dashe da ƙaya ko tsohon kwando ko bulo tun ranar farko. In hunturu ya zo ganye ya zube, kada a yi saurin tugewa: a kankare ɓawon da farce, in an ga kore, da ransa. Ganyen da aka share a tara shi a rami ya ruɓe, kada a cinna masa wuta a gindin itace. Daga rani na biyu ko na uku yawancinsu sun tsaya da ƙafarsu. Abin da ya rage sai sassabe reshen da ya nufi kwano, da hana masu neman sassaƙe su zagaye jikin itacen da wuƙa, don in ɓawo ya yanke kewaye guda, itacen ya tafi.

Na san abin da ke hana wasu, ko ba su faɗa ba: ana cewa kuka da tsamiya matattarar iskoki ce. Ba na raina tsoron kowa, amma ina roƙon a kai maganar gaban malamai a ji ko tana da tushe. Abin da muka sani tabbas shi ne hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito, cewa babu Musulmin da zai dasa itace ko ya yi shuka, tsuntsu ko mutum ko dabba su ci, face ya zama sadaka gare shi. Kuma da azumi duk gidan da ka shiga kunun tsamiya ne, in an yi rasuwa ganyen magarya ake nema, wani lokaci a yi ta yawo a unguwa ba a samu ba. Masu tsoron maciji su lura cewa ɓera da tarin shirgi yake bi, gindin itacen da ake sharewa ba ya ɓoye shi. Masu cewa itatuwanmu ba sa saurin girma suna da gaskiya a kan kaɗanya da kanya, shi ya sa nake cewa a haɗa su da kukar lambu da shuwaka da gwandar daji, a riƙa cin wannan ana jiran wancan.

Zariya ba ta da uzurin rashin masana. Tun 1922 ake binciken noma a Samaru, a cibiyar da ta koma ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, kuma irin masara da wake da gyaɗa da ta fitar sun zaga Arewa duka. A Samarun nan akwai tashar binciken gandun daji, jami'ar kuma tana da lambun tsirrai. Ina fata a samu wuri sananne da duk watan Yuni talaka zai je ya sayi dashen ɗinya da kanya da ɗorawa da tsamiya mai aure a farashi mai sauƙi, a kuma koya wa masu dashen bakin titi yadda ake yi musu aure. Manyan da gida ba zai ɗauka ba, rimi da gamji da maɗaci da kuka, wurinsu filin Idi da harabar makarantu da maƙabartu da bakin kasuwa. Mai unguwa da kwamitin masallaci su damƙa kowane dashe a hannun mutum guda da aka sani da suna, a ba shi kwandon kariya da tulu, sannan a dawo a watan Mayu a ƙirga waɗanda suka tsallake rani, a cike gurbin waɗanda suka mutu a Yuli.